Motar Tafi-da-Gidanka a Ƙasashen Ƙanƙara: Inda Sanyi Yake Fara Kama Ta

Motar tafi-da-gidanka, wadda mutanen Amurka da Kanada suke taƙaita sunanta da haruffan RV, mota ce da aka gina wa ɗakin kwana da kicin da banɗaki a bayanta, ko kuma ɗaki ne mai tayoyi da wata mota take ja, domin matafiyi ya kwana duk inda dare ya riske shi ba tare da neman masauki ba. Mafi yawan waɗanda ake sayarwa a Amurka a jihar Indiana ake ƙera su, musamman a garin Elkhart da kewayensa, kuma maƙeransu hutun lokacin zafi suke da shi a zuciya, shi ya sa bangonsu ba shi da kauri, bututun ruwansu kuma yakan bi ta wuraren da iskar waje take bugawa. Idan sanyi ya kama, galibin masu su sukan ajiye su har ya wuce, ko su gangara da su kudu zuwa Arizona da Florida. Amma akwai waɗanda suke zama a cikinsu a tsakiyar ƙanƙara, wasu don dole wasu don sha'awa: ma'aikatan rijiyoyin mai na yankin Williston a Dakota ta Arewa a shekarun da gidan haya ya yi wuyar samu, da masu kamun kifi ta ramin da suke haƙawa a daskararrun tafkunan Minnesota, da masu wasan zamiya a kan duwatsu, da masu zuwa Alaska ko arewacin Norway da Finland don kallon hasken nan mai launuka da yake bayyana a sararin sama da dare.

Mai karatun da ya tashi a Kano ko Damagaram yana buƙatar ma'auni kafin ya fahimci irin sanyin da ake nufi. Daren hunturu a ƙasar Hausa yakan sauka zuwa wajen digiri 10 ko 14 sama da sifiri a ma'aunin Salsiyos, ruwa yana daskarewa a sifiri, firizar da ake ajiye nama a cikinta kuwa tana aiki ne a wajen digiri 18 ƙasa da sifiri. A Fairbanks ta Alaska da yankin Yukon na Kanada digiri 40 ƙasa da sifiri ba baƙon abu ba ne a watan Janairu, kuma a wani ƙauyen Yukon mai suna Snag an taɓa auna digiri 63 ƙasa da sifiri a watan Fabrairun 1947. A irin wannan yanayi roba takan taurare ta tsage, mai yakan yi kauri, kuma fatar da aka bari a buɗe takan daskare cikin 'yan mintoci.

Abin da ya fi muhimmanci a gane shi ne cewa kayan aikin motar nan a ɗaure suke da juna, ta yadda ɗaya ba ya lalacewa shi kaɗai. Ruwan da ke cikin bututu yana dogara ga ɗumin ɗaki, ɗumin ɗaki yana dogara ga murhun gas, murhun gas ba ya tashi sai da wutar batir, shi kuma batir ƙarfinsa raguwa yake yi gwargwadon yadda sanyi ya ƙaru. Sabon shiga yakan ɗauka cewa tanadin sanyi shi ne bargo da tukunyar gas cike, alhali abin da yakan fara gazawa shi ne wanda ba a sa wa ido ba, wato ƙaramin batirin da ke cikin akwati a ƙarƙashin mota.

Murhun ɗumi da ake sawa a motocin Amurka yana ƙona gas a cikin rufaffen bututu, fanka kuma tana hura iskar ɗaki ta bayan bututun domin ta ɗauki zafi, hayaƙin kuma ya fita waje. An gina shi ta yadda idan fankar ba ta juya da isasshen ƙarfi ba gas ba zai buɗe ba sam, kuma wannan kariya ce mai kyau, sai dai tana nufin cewa mutum zai iya kwana da tukunya cike da gas amma babu ɗumi saboda batir ya yi sanyi. Fankar irin wannan murhu takan ja wajen amfiya 7, batirin dalma mai amfiya-awa 100 kuwa rabinsa kaɗai ake so a sha idan ana son ya daɗe, saboda haka awa bakwai na aikin fanka sun isa su cinye rabon dare ɗaya tun ma kafin a sa sanyi a lissafi. Idan aka sa shi, lissafin ya ƙara muni, domin a digiri 18 ƙasa da sifiri batirin dalma kusan rabin ƙarfinsa kawai yake iya bayarwa. Akwai kuma wata illa ta biyu da ta fi wannan tsanani. Ruwan batir gaurayen asid ne da ruwa, kuma idan batir yana cike da caji asid ɗin yana da yawa, ba ya daskarewa sai sanyi ya wuce digiri 50 ƙasa da sifiri. Amma idan cajin ya ƙare, asid ɗin ya shige cikin farantan dalma, abin da ya rage kusan ruwa ne zalla, wanda zai iya daskarewa tun sanyi bai kai digiri 10 ƙasa da sifiri ba, ya kumbura ya fasa kwankon batirin. Batirin da ya daskare ba a yi masa caji sai ya narke, domin yana iya fashewa.

Batirin lithiyom, wanda masu sola a ƙasar Hausa suka fara sabawa da shi, ya fi na dalma sauƙin ɗauka da yawan wuta, amma yana da nasa sharaɗin. Zai iya ba da wuta a cikin sanyi, sai dai ba a yi masa caji idan jikinsa ya sauka ƙasa da sifiri, saboda a lokacin sinadarin lithiyom ba ya shiga inda ya kamata ya shiga, sai ya taru ya zama ƙarfe a saman farantin, ɓarnar da ba ta gyaruwa. Masu kyau daga cikinsu suna da na'urar da take hana caji idan sanyi ya yi yawa, wasu kuma suna da shimfiɗar ɗumi a ciki, amma mafita mafi sauƙi ita ce a ɗauke batirin daga akwatin waje a sa shi ƙarƙashin gado ko kujera, inda ɗumin ɗaki yake kaiwa. Farantin sola kansa yana son sanyi, har ya fi ba da wuta a cikinsa, amma rana ce babu: a Fairbanks a ƙarshen Disamba yinin bai kai awa huɗu ba, ranar ma a gefen sama take tsayawa, dusar ƙanƙara kuma tana rufe farantin. Dole a jingina ga janareto ko wutar sansanin da ake ajiye irin waɗannan motoci. Ita ma wutar sansanin ba abar sakankancewa ba ce, kamar yadda aka gani a Texas a Fabrairun 2021, lokacin da sanyi ya durƙusar da tashoshin lantarki miliyoyin mutane suka yi kwanaki babu wuta.

Gas ɗin girki iri biyu ne, kuma bambancinsu, wanda ba ya damun mai girki a Zariya ko Maraɗi, a ƙasar ƙanƙara shi ne komai. A cikin tukunya gas ruwa-ruwa yake, sai ya tafasa ya zama tururi kafin ya fito ya kama wuta. Butan yana daina tafasa a daidai wajen sifiri, saboda haka da zarar ruwa ya fara daskarewa shi ma ya kwanta a tukunya ba ya fitowa. Furofen kuwa yana ci gaba da tafasa har digiri 42 ƙasa da sifiri, shi ya sa shi ake amfani da shi a arewa. Amma tun kafin a kai wannan iyaka ƙarfin fitarsa yakan ragu, domin ruwan da yake zama tururi yana jan zafi daga jikin tukunyar, wanda shi ne dalilin raɓar da take keto wa tukunyar masu tuyar kasuwa idan an daɗe ana aiki da ita ko da a tsakiyar bazara. Ƙaramar tukunya da ta kusa ƙarewa ba ta da faɗin jikin da zai ɗebo zafi daga waje, don haka wutarta takan mutu da asuba, lokacin da sanyi ya fi tsanani, alhali akwai sauran gas a ciki. Maganin wannan shi ne babbar tukunya wadda ba a bari ta sauka ƙasa sosai, a tare ta daga iska, a lulluɓe ta da bargon lantarkin da aka yi musamman dominta. Kusantar da harshen wuta gare ta don a ɗumama ta kuwa ganganci ne da bai kamata a gwada ba ko sau ɗaya. Yawan cin ma abin lura ne, domin murhu matsakaici, mai ƙarfin wajen kilowat 9, zai shanye tukunyar kilo 9 cikin kimanin awa 14 idan yana ci ba tsayawa. Wannan ne ya sa masu ƙananan motoci a Turai da yawa suka karkata ga murhun dizal irin na kamfanonin Webasto da Eberspächer na Jamus, wanda yake shan mai daga tankin motar kai tsaye.

Ruwa shi ne abin da ya fi jawo asarar kuɗi. Idan ya daskare yakan ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, kuma ƙarfin wannan kumburi ya isa ya tsaga ƙarfe. Motar tana da tankuna uku, na ruwa mai tsabta, da na ruwan wanka da wanke-wanke, da na bayan gida, kuma a motoci masu araha dukansu a rataye suke ƙarƙashin daɓe. Bututun roba na zamani yakan ɗan miƙe ya jure, amma mahaɗai da famfo da tukunyar ruwan zafi da bawul ɗin zubar da ƙazanta ba sa miƙewa, kuma ɓarnar ba ta bayyana sai ranar da aka sami sassauci ƙanƙarar ta narke ruwa ya fara bin bango. Masu zama wuri ɗaya na tsawon watanni sukan kewaye ƙasan motar da allunan soso ko tamfol mai kauri daga jiki har ƙasa, domin iska ta daina ratsawa, su naɗe tiyon ruwa da wayar ɗumi, su manna wa tankuna shimfiɗar lantarki, su kuma bar ƙofofin kabad a buɗe don ɗumi ya isa ga bututun da ke bayansu. Bawul ɗin tankin ruwan datti ana barinsa a rufe ne sai tankin ya kusa cika a zubar gaba ɗaya, saboda ruwan da yake ɗiga kaɗan-kaɗan yana daskarewa a cikin tiyo, wani a kan wani, har ya toshe shi.

A nan ne wani kuskure yake faruwa wanda ya nuna yadda kayan motar suke ɗaure da juna. Mai son tattalin gas yakan kunna hitar lantarki a cikin ɗaki, ɗakin ya yi ɗumi, ma'aunin da yake tayar da murhun gas ya ga babu buƙata ya ƙi tayar da shi. Amma a motoci da yawa bututun iskar murhun ne kaɗai yake kai ɗumi ƙarƙashin daɓe inda tankuna suke, don haka mutum yana zaune cikin ɗumi da riga ɗaya ruwansa yana daskarewa a ƙarƙashin ƙafarsa. Idan sanyi ya wuce digiri 20 ƙasa da sifiri kuma ana tafiya daga wuri zuwa wuri, shawarar da ta fi kama hankali ita ce a haƙura da ruwan famfo baki ɗaya: a zubar da tankunan, a hura iska cikin bututu har ya bushe, a zuba maganin hana daskarewa mai ruwan hoda wanda aka yi don bututun ruwan sha, sannan a riƙa ɗaukar ruwa a jarkoki a cikin ɗaki. Ana samun takura, amma an cire abu mafi rauni daga lissafi. Wajibi ne a bambanta wannan magani da na lagireto, domin na lagireto guba ne mai kashe ƙoda, ga shi da ɗanɗanon zaƙi da yake jan yara da dabbobi.

Injin motar yana da nasa buƙatun. Man dizal yana ɗauke da wani kaki ɗan uwan na kyandir, wanda yake narke a lokacin ɗumi, amma idan sanyi ya kama sai ya fara fitowa ƙwaya-ƙwaya, man ya yi hazo, ya toshe filta, daga baya ya yi kauri kamar yadda manja yake yi a kwalba da safiyar hunturu. Dizal na lokacin zafi yakan fara wannan tun daga 'yan digiri ƙasa da sifiri. Gidajen mai na arewa suna sayar da na sanyi, wanda aka gauraya da mai mara nauyi dangin kananzir, saboda haka haɗarin yana kan wanda ya cika tanki a kudu ko tun watan Satumba ya nufi arewa da shi. Akwai maganin da ake zubawa don hana kaurin, amma kafin man ya yi hazo ake zuba shi, bayan haka ba ya amfani. Sababbin motocin dizal suna da wani ƙaramin tanki na ruwan tace hayaƙi, wanda a Turai ake sayarwa da sunan AdBlue, gaurayen ruwa ne da yuriya, sinadarin nan na takin zamani, kuma yana daskarewa a digiri 11 ƙasa da sifiri. Motar tana narkar da shi da kanta bayan an tayar da ita, abin kiyayewa kawai shi ne kada a cika tankin har baki don ya sami wurin kumbura.

Ruwan lagireto yana da wani hali da yake ba mutane mamaki. Rabi magani rabi ruwa yana jurewa har wajen digiri 37 ƙasa da sifiri, kashi 60 na magani yana kaiwa wajen digiri 50, amma maganin zalla ba tare da ruwa ba yana daskarewa a wajen digiri 13 kacal ƙasa da sifiri, don haka wanda ya ce bari ya zuba shi tsantsa don ƙarin kariya ya rage wa kansa ne. Man inji kuma lambar da take gaban harafin W a jikin galan ita take nuna gudunsa a sanyi, kuma mai lamba 0W ko 5W ya fi saurin isa ga sassan inji a sakannin farko, waɗanda a cikinsu ne inji ya fi cin kansa. Baƙo a Winnipeg ta Kanada ko Fairbanks zai lura da filogin lantarki yana leƙowa daga hancin kusan kowace mota, da kuma soket a wuraren ajiye motoci. Na hitar da aka dasa a jikin inji ne, wadda awa biyu zuwa huɗu na aikinta kafin tayarwa sukan raba tsakanin injin da ya tashi da wanda ya ƙi.

Tayoyi ba sa buƙatar dogon bayani. Iskarsu tana raguwa da kimanin fam ɗaya a duk saukar digiri 5 ko 6, robar tayar lokacin zafi tana taurarewa ƙasa da digiri 7 sama da sifiri, kuma tayar sanyi ta gaskiya tana da tambarin dutse mai kawuna uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a ciki. Lardin Quebec na Kanada ya wajabta ta ga ƙananan motoci daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Birkin hannu da aka ja bayan tafiya cikin laima yana iya daskarewa a kame, shi ya sa a wuri mai daidaito aka fi so a sa giya a tokare tayoyin.

Daga cikin ɗaki kuma akwai abokan gaba biyu da mazaunan ne suke haifar da su. Na farko laima ce. Numfashi da girki da rigar tufa suna cika ƙaramin ɗakin da tururi, kuma duk kilo ɗaya na furofen da aka ƙona a buɗe, a kan risho ko a hitar da ba ta da bututun hayaƙi, yana sakin fiye da lita ɗaya da rabi ta ruwa. Tururin yana sauka a kan gilashi da ƙarfen taga da ƙarƙashin katifa, ya jiƙa abin tare sanyin da ke cikin bango har ya daina aiki, ya kawo fumfuna da ruɓar katako. Maganinsa ya saɓa wa abin da jiki yake so, wato a bar kafar rufi a ɗan buɗe ko da ana tsananin sanyi. Na biyu shi ne iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi, kuma jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau ɗari biyu da ɗoriya. Ita ce dai take kashe iyalan da suka kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki da hunturu, ko da janareto a zaure. A motar tafi-da-gidanka hanyoyinta su ne ɗumama ɗaki da rishon girki, da dusar ƙanƙarar da ta toshe bakin hayaƙin murhu ko salansa, da janareton da aka ajiye kusa da shingen da aka kewaye ƙasan motar da shi. Ciwon kai da jiri da kasala su ne alamunta na farko, mai barci kuwa ba ya jin ko ɗaya. Na'urar ƙararrawar da take gano wannan iska ba ta kai kuɗin taya ɗaya ba, kuma babu wani uzuri da zai sa a kwana babu ita, ko a bar ta da tsohon batir.

Har firij ma yakan gaza, abin da ba a zato a wurin da komai yake daskarewa. Da yawa daga cikin na waɗannan motoci irin tsohon firij mai kananzir ne, wanda yake aiki da zafi da gaurayen amoniya da ruwa a bututun da ke bayansa, kuma idan iskar waje ta yi sanyi fiye da kima zagayen yakan tsaya.

Mai saye a Amurka zai ga an rubuta wa wasu motoci cewa na kowane yanayi ne, amma wannan kalmar talla ce da kowane kamfani yake fassarawa yadda ya ga dama. Turai ta fi tsari a nan, domin ƙa'idarta mai lamba EN 1646 tana da mataki na uku, wanda ake sanyaya mota zuwa digiri 15 ƙasa da sifiri sannan a buƙaci ɗakinta ya kai digiri 20 sama da sifiri cikin awa huɗu, ruwanta kuma ya yi aiki. Ko wannan ma bai kai rabin sanyin Yukon ba. Wanda zai bi babbar hanyar Alaska, wadda sojojin Amurka suka fasa a 1942 daga Dawson Creek zuwa Delta Junction, tafiyar kilomita sama da 2,200, zai tarar da cewa gidajen mai da masaukai da dama suna rufewa da sanyi, wayar salula kuma ba ta kamawa a dogayen zangunan da ke tsakanin garuruwa. Masu bin ta a wannan lokaci sukan sha mai tun tanki yana rabi, su riƙe filtar dizal ta biyu da shebur da sarƙar taya da wayar tayar da batir, su sanar da wani zangon da za su kwana, sannan su ajiye jakar barci da tufafin da za su iya raya mutum dare guda cur idan murhu da inji da batir duka suka tsaya a lokaci ɗaya.